Ruwan Alwalar Hajiya a Tankin Tarwaɗa

Har yanzu idan na ɗauki cokali zan ba 'ya'yan kifina abinci, sai abin da ya faru ya dawo mini sabo. Wani ɓangare tsoro ne da bai gama sakina ba, wani kuma murna ce, wallahi ni kaina ba na iya rarrabe su. Gara in rubuta abin tun yana da ɗumi, kafin mutanen gidanmu su gama mayar da shi labarin dariya, don sun riga sun fara.

Gidanmu yana cikin Gwale, can ƙarshen wani lungu da ko kurar 'yan garuwa sai an karkata ta take shiga. Da na gama sakandare ban samu ci gaba ba a shekarar, zaman gida ya ishe ni. Sai wata ƙawar Ummanmu da ke kiwon kifi a wajen Ƙofar Kabuga ta ce in riƙa zuwa ina taya ta. Malama muke ce mata, don ta taɓa koyar da aikin gona. A wurinta na ga abin da ya shiga raina ya ƙi fita, wato ƙyanƙyasar tarwaɗa.

Kiwon kifi kowa yana yi, ka sayo ƙanana ka ciyar su girma. Amma ka fitar da su daga ƙwai da hannunka, wannan wani abu ne daban. Ana yi wa macen allura a bar ta ta huta har cikinta ya saki. Sai a naɗe ta da tawul a riƙa matsa cikin a hankali, ƙwai yana zubowa a busasshiyar roba, kore mai duhu kamar miyar kuka. Namijin kuwa ba ya tatsuwa, sai dai a yanka shi a ciro wasu jakunkuna farare guda biyu daga cikinsa, a tsaga su, wani ruwa fari tas kamar madara ya zubo a kan ƙwan. A gauraya, a shimfiɗa a kan raga cikin ruwa mai tsabta. Washegari ka leƙa, sai ka ga ƙasan ruwan yana tsuma, abubuwa kamar gutsattsarin zare suna ta kaɗa jela. Ranar da na fara gani ihu na yi, har Malama ta ce ko kunama ce ta harbe ni.

Na dame Baba da magiya har ya gaji ya sa aka gina mini tankunan siminti biyu a bayan tsakar gida, babba na iyayen kifin, ƙarami na ƙwai. A wurin ne da can bishiyar lallen Hajiya take, kakata, mahaifiyar Baba. Gara ta riga ta cinye gindin bishiyar, aka sare ta. Hajiya ba ta yi fushi ba, sai dai tun daga ranar ta raɗa mini suna Uwar Kifaye. Na sayo ƙananan tarwaɗa na yi ta kiwonsu wata da watanni har suka isa haihuwa. Na san kowanne. Akwai wani namiji mai tabo a kai da ke fara tasowa idan ya ga inuwata.

To, akwai wata doka a gidanmu da ta girme ni, ta girmi Baba ma. Ruwan alwala ba ya bin rariya. Hajiya cewa take ruwan da aka ambaci sunan Allah a kansa ba zai gangara kwata ya haɗu da ƙazantar unguwa ba. Don haka akwai wani babban daro a gefen rijiya, duk mai alwala a kansa yake tsugunawa, baƙo ne ko ɗan gida. Sabulu ba ya kusantar daron nan, ko kumfa ɗaya ta gani za ka sha faɗa. Da can bishiyar lallenta take shayarwa da ruwan. Bayan an sare bishiyar, ina ganin daron yana cika yana komawa wayam, amma tunda da safe nake fita wajen Malama sai dab da magariba nake dawowa, ban taɓa tambayar ina yake zuwa ba.

Sai kuma Yaya, wadda nake bi. Ita sana'arta sayar da mayukan shafawa, tana ɗora hotunansu a waya, 'yan mata suna zuwa gida suna saya. A bazarar bana abin da ya fi fita shi ne sanskirin, man nan da ake shafawa don kada rana ta ƙona fata. Wanda ta fi tallatawa irin wanda gumi ba ya wanke shi ne, ka zuba ruwa a kai ya mirgine ya wuce kamar a kan leda. Dukkanmu muka koma shafa shi, ni ma har da ni, don hanyar Kabuga da rana ba wasa ba ce. Amma malamarmu ta Islamiyya ta riga ta faɗa mana duk abin da zai hana ruwa taɓa fata sai an cire shi kafin alwala. Saboda haka kowace salla sai ka ga 'yan mata sun jeru a kan daron Hajiya da jiƙaƙƙen hankici, suna dirje fuska da hannuwa, suna matse hankicin a ciki, sannan su yi alwala. Ni, Yaya, ƙawayenta, masu sayen kaya da salla ta riske su a gidan. Ba sabulu, don haka doka ba ta karye ba.

Ƙyanƙyasata ta farko, washegari na tarar da ƙwan ya yi fari fat a kan raga, yana wari. Ƙwan da ya yi fari mushe ne. Na yi kuka, Malama ta ce ba komai, kowa da haka yake farawa, wataƙila na makara wajen tatsa.

Ta biyu ce ta firgita ni. Na zaɓi namijin nan mai tabo, don ya fi kowanne girma da ƙarfi. Na yi bisimilla na yanka shi, na buɗe cikin. Jakunkunan da ya kamata su zama farare a cike, sai na gan su a motse, launin toka, kamar busasshen ganye. Na tsaga, wani ruwa-ruwa ya ɗiga, ba fari ba. Na yanka wani namijin, shi ma haka. Ƙwan macen ma da ƙyar ya fito, ɗan kaɗan, wani ya manne da wani. Duk da haka na haɗa na shimfiɗa. Washegari mafi yawa sun yi fari, 'yan kaɗan ne suka fito, kuma da ma ba su fito ba. Bayansu a lanƙwashe, suna ta juyawa a wuri ɗaya kamar an ɗaure su da zare, ba sa iya tafiya gaba. Na tsaya ina kallonsu suna juyawa suna juyawa, na zauna a ƙasa da wuƙar har yanzu a gefen tankin tun jiya. Kafin azahar duk sun mutu.

Maƙwabta suka shigo jaje. Wata ta ce kambun baka ne, na cika nuna kifayen ga kowa. Wata ta ce wurin da aka sare bishiya ba a gina komai a kai sai an yi sadaka. Ina jin su, kuma gaskiya na tsorata, har na daina zuwa bayan gida ni kaɗai.

Baba ba mai yawan magana ba ne. Da yamma ya kira ni soro ya ce, "Kin gwada, mun gani. Wurin nan za a fasa, a yi wa yayarki ɗakin kaya, mu huta da 'yan matan da ke cika mana tsakar gida. Na yi magana da magini."

Na durƙusa na ce, "Baba, sau ɗaya tak. Ka bar ni in ƙara gwadawa sau ɗaya."

Ya daɗe yana kallon carbinsa. Ya ce, "Magini ya ce sai ranar Asabar zai samu zuwa. Abin da kika yi kafin nan naki ne."

Washegari ban je wajen Malama ba, jikina ba ƙwari. Ina zaune a ƙofar ɗaki bayan la'asar, ƙawayen Yaya sun gama alwala sun shiga salla, sai na ga Hajiya ta fito da ƙaramar roba. Ta je daro ta ɗebo, ta taka a hankali har bakin babban tanki, ta yi bisimilla ta juye. Ta koma ta ɗebo. Ta yi ta zirga-zirga har ta kusa ƙarar da daron, na ƙarshen kuma ta juye shi a ƙaramin tanki, na ƙwai, duk da ba komai a ciki.

Na tashi na je na leƙa. Rana ta karkato tana haska saman ruwan, sai na ga wani maiƙo siriri yana yawo, yana canza launi, shuɗi da ja da ruwan ɗorawa. Na sunkuya na sansana. Ƙamshin kwakwa. Ƙamshin fuskata.

Na ce, "Hajiya! Tun yaushe kike zuba musu wannan?"

Ta ɗago da fara'a, har tana gyara mayafi. Ta ce, "Tun ranar da aka kawo su mana. Ke kina yawon Kabuga, wa kike zato yake kula miki da su? Rijiya ta ja baya, garuwa sai an yi rabin yini ana jira, ga ruwan albarka a zaune. Ƙwan ma duk sanda kika shimfiɗa sai na ɗan tofa musu na zuba. Ai ko godiya ba ki taɓa yi ba, Uwar Kifaye."

Tsoro ya kama ni, amma a ƙarƙashinsa sai na ji wani abu yana tasowa kamar murna. Idan ruwa ne, ai ba aljanu ba ne. Ruwa ana iya canza shi! Na ruga ɗaki na kira Malama a waya, ina magana kalmomi suna hawa kan juna, sai da ta ce in ja numfashi in sake daga farko.

Da ta gama ji sai ta ce in karanto mata abin da aka rubuta a bayan robar man. Na yi ta haɗa baƙaƙen da ƙyar. Ta ce, "Tsaya nan." Ta ce a cikin irin waɗannan mayukan akwai sinadaran da ke tare zafin rana, kuma wasu daga cikinsu idan suka shiga ruwa, jikin kifi yana ɗaukarsu kamar sinadarin halittar mace ne. Namiji sai ya yi rauni, ruwansa ya lalace. Mace sai ƙwanta ya ragu, wanda ya fito ma ya ƙi ƙyanƙyashewa ko ya fito da nakasa. Ta ce a manyan ruwaye inda mutane ke wanka ma ana kuka da shi, balle ɗan tankin da ba a cika sauya masa ruwa ba, ana ƙara masa kullum.

Na shafa kumatuna, na ji santsin man. Na ce, "Malama, mu fa? Mu da muke shafa shi a fuska?"

Ta ce, "Kifi a ciki yake kwana yake tashi, ta cikinsa yake numfashi, ke kuwa a fata kike shafawa ki wanke. Ba ɗaya ba ne. Amma ni kifi na sani, ba mutum ba. Wannan likita za ki tambaya, kada ki je ki tada hankalin unguwa." Ta ƙara da cewa ba ta da ɗakin gwaji, ba za ta rantse cewa sinadarin ne kaɗai ba, maiƙon ma yana iya toshe wa ƙwai iska.

Tada hankalin unguwa ban yi ba, amma na gida kam ya tashi. Yaya ta fito daga salla ta ji, ta riƙe ƙugu.

"Au, yanzu kuma kayana ne? Ke ba ki iya aikinki ba, kin yanka kifaye kin kashe, sai ki ce man shafawa? Ni nawa na sayar, wa ya dawo ya ce bayansa ya lanƙwashe?"

Na ce, "Ai masu sayen naki ba a tanki suke kwana ba."

"To sai ki saya wa kifin naki hijabi da lema."

Ƙawayenta suka fashe da dariya. Ni dai ba ita nake tsoro ba, Hajiya nake kallo. Ta zauna a kan tabarmarta fuska a ɗaure. Baba ya shigo ya tarar da mu, aka ba shi labari, ya kalli mahaifiyarsa ya kalli ƙasa. Na san ba zai taɓa buɗe baki ya ce ruwan alwalar Hajiya ya yi ɓarna ba, ko da tankin zai fashe da kansa.

Na je na durƙusa a gabanta. Na ce, "Hajiya, ba alwalar ba ce. Abin da muke dirjewa kafin alwalar ne. Mu muka ɓata miki ruwan."

Ta ce, "Shekara nawa ina shayar da lalle da ruwan nan, ya taɓa mutuwa?"

"Lokacin ba a shafa wannan man."

Ta yi tsaki. Ta daɗe tana kallon daron. Can ta ce, "Ni ba a yi mini gardama da baki. Ki samo ƙwanki ki raba biyu. Rabi ki sa a ruwan garuwarki, rabi a nawa. Idan nawa suka fito naki suka mutu, ke za ki riƙa ɗaukar mini robar nan har in koma ga Allah."

Na ce, "Idan nawa suka fito fa?"

"Sai ki ci gaba da rashin kunyarki."

Iyayen da na kiwata ba zan iya dogara da su ba, sun daɗe a cikin ruwan. Malama ta ba ni mace da namiji daga nata, na kawo su a adaidaita cikin jarka da aka yanke kanta, ruwa yana fantsalo mini, mai adaidaitan yana ta mita wai na mayar masa da mashin kasuwar kifi. Ban ko ji haushi ba, dariya nake ta yi ni kaɗai kamar wadda ta zare. Ranar Alhamis da yamma na yi wa macen allura. Ranar Juma'a da hantsi na tatse ta, ƙwai ya zubo shar, ya cika roba. Da na zo buɗe namijin sai hannuna ya ƙi, na tuna da mai tabo. Umma ce ta riƙe mini kansa ta ce, "Yi bisimilla ki yanka, 'yar nan." Na buɗe. Farare, a cike, har suna ƙyalli! Na ce, "Umma kin gani? Kin gani? Haka ake so!" Ta ce ta gani, in daina tsalle da wuƙa a hannu.

Ban yarda da tankunan ba tukuna, don siminti ya sha maiƙon. Sababbin baho biyu na ajiye a inuwar ɗakin girki. Ɗaya na cika shi da ruwan garuwa da ya kwana ya kwanta. Ɗayan Hajiya da kanta ta haɗa, rabi garuwa rabi daro, kamar yadda ta saba yi wa tankin. Na raba ƙwan daidai, tana tsaye a kaina tana cewa kada in yi mata ƙwange. Yaya ta wuce ta ce a gaishe mata da masu jego.

Ranar Asabar, gari ya waye rana ta fito, na kasa zuwa. Na share tsakar gida, na wanke kwanukan da an riga an wanke. Idan duka biyun suka yi fari, to ba ruwa ba ne, ni ce, ko kuma abin da maƙwabta suka faɗa, kuma guduma tana hanya. Hajiya ce ta fara zuwa da sandarta. Ta leƙa bahonta, ta leƙa nawa, ta sake leƙa nata. Sai ta ɗaga hannu ta yafito ni.

Nata ya yi fari kusan duka, 'yan tsiraru a gefe suna wannan juyin da ya hana ni cin abinci. Na kau da kai da sauri. Na leƙa nawa.

Ƙasan bahon baƙi ƙirin yake, kuma yana motsi. Sun taru a kusurwa suna tsuma, dubbai, ban san iyakarsu ba, kowanne da 'yar jakarsa ta abinci a ciki, jela tana kaɗawa, miƙe sambal. Na yi wata ƙara da sai da kajin maƙwabta suka amsa. Na rungume Hajiya har sandarta ta faɗi, ina kuka ina dariya, ina cewa, "Sun fito! Hajiya sun fito! Umma! Yaya, zo ki ga masu jegon!"

Hajiya ta ce, "Sake ni kada ki karya ni, ja'ira." Ta sake sunkuyawa a kan bahonta, ta daɗe, ta ce a hankali, "Bayin Allah. Ashe ni nake ta ba su abin da ke kashe su." Sannan ta miƙe ta juya wajen Yaya da ta fito da ɗankwali a hannu. "Ke, daga yau duk mai shafa abin nan ta je rariya ta wanke da sabulu tukuna, sannan ta zo kan darona. Har ke Uwar Kifaye."

Yaya ba ta yi musu ba. Ta tsuguna a gefena tana kallon bahon, ta ce, "Kai, ƙanana ne haka? Kamar ƙwarƙwata." Can kuma ta ce za ta tambayi mai kawo mata kaya ko akwai irin da ba shi da wannan sinadarin. Likita kuwa har yau ban samu na je ba, man yana nan a kan taga ban sake taɓa shi ba, kuma tsofaffin iyayen suna can na sauya musu ruwa, ban sani ba ko za su warware.

A ranar dai, muna nan a tsugune aka yi sallama a ƙofar gida. Magini ne, na ji ƙarar guduma da ya ajiye a daɓen soro. Baba bai riga ya ga komai ba, ya fita tun da sassafe, tare suka dawo. Ya shigo shi kaɗai, ya tsaya a kanmu. Na nuna masa bahunan. Ya cire hula, abin da ban taɓa gani ya yi a tsakar gida ba, ya sunkuya har gemunsa ya kusa taɓa ruwan. Ya kalli na Hajiya. Ya dawo kan nawa.

Ya ce, "Duk waɗannan rayayyu ne?"

Na ce, "Duka, Baba."

"A bahon nan za su zauna?"

"A'a, nan da 'yan kwanaki sai tanki. Amma sai an kankare shi an sake masa siminti, ya sha mai."

Ya mayar da hularsa, ya ce mata su saka mayafi. Ya ɗaga murya wajen soro ya ce, "Malam, bar gudumar nan a wurin. Shigo da cokalin gininka, shafe za ka yi mana."